Yadda Ƙasashe Ke Zawarcin Baƙi Daga Japan

Yau filin namu zai yi nisan zango, don za mu leƙa ƙasar Japan, can gabashin duniya, mu ga yadda ƙasashe dabam-dabam su ke zawarcin mutanenta don su je musu yawon buɗe ido. Wata za ta ce, me ya haɗa mai tuƙa tuwo da wannan zance? To, ki yi haƙuri ki karanta. Za ki tarar mata ne ke riƙe da linzamin wannan ciniki, su ne masu zaɓen inda za a je, su ne kuma masu ɗinki da girki da shara da tafinta a wuraren da a ke saukar baƙin. Akwai garuruwan da abincin gidajensu ya rataya ga zuwan waɗannan baƙi, in sun zo a yi walwala, in sun ɗauke ƙafa a shiga wani hali.

Ƙofar da aka buɗe a 1964

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Japan ta fito a talauce, kuɗin ƙasashen waje kuwa ya yi mata ƙaranci ƙwarai, saboda haka gwamnati ba ta barin kowa ya fita sai da dalili mai ƙarfi, kamar aiki ko karatu. Sai a watan Afrilu na 1964, shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Tokiyo, aka yarda mutum ya fita don shaƙatawa kawai. Ko a nan ma da sharaɗi: sau ɗaya a shekara, kuma kada guzurinsa ya wuce dala 500. A wannan shekara mutum wajen 128,000 ne suka fita, har da masu tafiyar aiki. Tafiyar kwana tara zuwa tsibiran Hawai a lokacin ta fi albashin shekara guda na saurayin da ya gama jami'a ya kama aiki.

A 1965 kamfanin jiragen sama na Japan ya fito da wani tsari da ya sa wa suna JALPAK, watau mutum ya biya kuɗi dunƙule ɗaya, a ɗauke masa wahalar tikiti da masauki da abinci da mota, a kuma haɗa shi da ja-gora mai jin harshensa. Wannan ya yi daidai da mutanen da ba su taɓa fita ba, ba su kuma jin Turanci. Daga nan ne duniya ta fara ganin ayarin Japanawa suna bin bayan ja-gora mai ɗauke da 'yar tuta. Da manyan jiragen nan na jambo suka fara aiki a 1970, kujeru suka yi yawa, kuɗin tikiti ya sauko, a 1972 masu fita suka haura miliyan ɗaya.

Babban sauyi ya zo a 1985. A watan Satumba na shekarar, Amurka da Japan da Jamus ta Yamma da Faransa da Ingila suka yi yarjejeniya a birnin New York cewa a rage ƙarfin dala. Dalar da a ke saye kimanin yen 240 sai ta koma wajen 130 a 1988. Ma'anarsa ita ce kuɗin da ke hannun Bajapane ya kusan ninka ƙarfinsa da zarar ya ƙetare teku. Ita ma gwamnati ta sa hannu, domin ƙasashe suna ta ƙorafi cewa Japan tana sayar musu da motoci da rediyo da talabijin amma ba ta sayen nasu. A 1987 ta fito da shirin kai masu fita miliyan 10 cikin shekara biyar, su je su kashe kuɗi a waje. Tun a 1990 aka cika wannan adadi. Daga nan kowace ƙasa mai abin kallo ta fara gyara zama.

Mata ne a gaba

Tun kafin a buɗe ƙofar, mace ce ta fara kwaɗaita wa Japanawa duniya. Sunanta Kanetaka Kaoru. Daga 1959 har 1990 tana gabatar da shirin tafiye-tafiye a talabijin, ta zaga ƙasashe kimanin 150 tana nuna wa mutanenta yadda wasu al'ummomi ke ci da sha da sutura. Yaran da suka girma suna kallonta su ne suka zama matafiyan da muke magana a kansu.

Sa'an nan kuma, maigida a Japan mutum ne da aiki ya ɗaure, da wuya ya nemi hutu mai tsawo don kada abokan aiki su ga ya bar musu kaya. Masu sararin tafiya su ne 'yammatan da ke aikin ofis, waɗanda yawancinsu suna zaune gidan iyaye, albashinsu nasu ne, da kuma matan da 'ya'yansu suka girma. Ga shi kuma a gidaje da yawa matar ce ke riƙe da albashin miji, ita ke tsara abin da za a kashe. Don haka masu tallar ƙasashe suka gane cewa in ana son iyali su zo, to uwargida za a fara shawo wa kai.

Tsibirin da littafi ya ciyar

Ga misalin da na fi so 'yan makaranta su lura da shi. A gabashin Kanada akwai wani tsibiri da a ke kira Tsibirin Yarima Edward, shi ne lardi mafi ƙanƙanta a ƙasar, a ƙidayar 2021 mutanensa ba su kai 160,000 ba. Ƙasarsa ja ce, sana'ar mutanensa noman dankalin Turawa da su. Ba shi da dogayen benaye, ba shi da manyan duwatsu, daga Tokiyo kuwa sai an canza jirgi kafin a isa. Duk da haka shekaru da dama matan Japan suna tara kuɗi don su je su gan shi. Me ya kai su?

Wata 'yar tsibirin, Lucy Maud Montgomery, wadda ta taɓa yin aikin malanta a makarantun ƙauye, ta rubuta littafi mai suna Anne of Green Gables, aka buga shi a 1908. Labarin wata marainiya ce 'yar shekara 11, mai jan gashi da yawan surutu, wadda aka aika bisa kuskure gidan wani tsoho da ƙanwarsa, alhali su yaro namiji suka nema don ya taya su aikin gona. Suka so su mayar da ita, daga baya ta shiga ransu, ta yi karatu da himma har ta zama malama.

A can Japan kuma akwai wata mace, Muraoka Hanako, 'yar talakawa, wadda ta koyi Turanci a wata makarantar 'yammata da 'yan mishan na Kanada suka kafa a Tokiyo. A 1939, da yaƙi ya ƙarato Turawa suka fara barin ƙasar, wata ƙawarta 'yar Kanada, Loretta Shaw, ta bar mata wannan littafi. Hanako ta zauna tana fassara shi a ɓoye, a lokacin da a ke ɗaukar Turanci harshen abokan gaba, in an busa ƙahon jiragen yaƙi ta kwashi takardunta ta ruga ramin fakewa da su. Sai a 1952 aka buga fassarar da sunan Akage no An, watau An mai jan gashi. Ƙasar tana cike da marayun yaƙi da 'yammatan da ke neman abin da zai ƙarfafa musu zuciya, littafin kuwa ya shige su. A 1979 aka mai da shi wasan zane na talabijin, irin wanda yara ke kira katun, a 2014 kuma gidan talabijin na NHK ya yi wasan kwaikwayo a kan rayuwar ita Hanako. Ita dai ta rasu a 1968 ba ta taɓa taka tsibirin ba.

Mutanen tsibirin ba su yi sakaci da wannan baiwa ba. Sun adana gidan gonar da ke Cavendish wanda marubuciyar ta ɗauki siffarsa, sun shirya ɗakunansa yadda littafin ya kwatanta, sun buga takardun bayani da harshen Japan, sun samo masu ja-gora da ke jin harshen. Akwai ma wani gidan dangin marubuciyar a Park Corner, inda aka ɗaura mata aure a falo a 1911, ango da amarya daga Japan su kan zo takanas a yi musu biki a wannan falon. Kantuna suka cika da 'yartsana mai jan gashi da malafa mai kitso biyu. Ku duba ku gani: mace ɗaya ta rubuta, mace ɗaya ta ba da kyauta, mace ɗaya ta fassara, masu masauki da direbobi da masu ɗinki na wani tsibiri mai nisa suka sami abin yi.

Akwai kuma darasi a gefe guda. Wani garin haƙar kwal a arewacin Japan, Ashibetsu, da ma'adinansa suka mutu, ya ci bashi ya gina kwaikwayon wannan gida da kewayensa a 1990, da fatan masu son littafin za su tsaya nan gida. Bai cika shekara goma ba ciniki ya gagara, aka mai da wurin lambun shaƙatawa na gari. Ashe abin da matan ke biɗa shi ne su taka ainihin ƙasar da labarin ya fito.

Kowa da tarkonsa

Ba Kanada kaɗai ta ci wannan gajiya ba. A 1974 aka nuna wasan zane na Heidi a Japan, labarin wata yarinya da kakanta a duwatsun Suwizalan. Masu zanen sai da suka je garin Maienfeld suka ga wurin da idonsu kafin su fara aiki, daga baya garin ya zama zangon matafiyan Japan. A Jamus akwai wata hanya mai ratsa tsofaffin garuruwa da fadoji a kudancin ƙasar, har alamunta na bakin titi aka rubuta da harshen Japan. Koriya ta Kudu kuwa wasan kwaikwayo ne ya yi mata talla. Da NHK ta nuna Winter Sonata a 2003 da 2004, matan aure masu matsakaicin shekaru suka yi ta tururuwa zuwa tsibirin Nami inda aka ɗauki wasu sassan wasan, ga shi kuwa tsakanin ƙasashen biyu akwai tsohon miki tun zamanin mulkin mallaka.

Amma uwa-uba ita ce Hawai. Tun 1868 Japanawa suka fara zuwa can aikin gonakin rake, daga 1885 suka yi yawa, jikokinsu suna nan har yau. Saboda haka baƙo daga Tokiyo zai sauka ya tarar da mai jin harshensa a otel da kanti, ya sami shinkafa da miya irin ta gida. Ga tafiyar ba ta wuce awa bakwai zuwa takwas ba. Nan ne ya zama wurin yawon amarci. A 1997 Japanawan da suka ziyarci Hawai sun haura miliyan 2.

Abin da baƙon ke so

Kowane baƙo da halinsa, mai masauki na gari kuwa shi ne wanda ya san halin baƙonsa tun kafin ya yi sallama. Na farko, lokaci. Hutun Japanawa gajere ne, manyan lokutansa uku: ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, wanda su ke kira Makon Zinariya, da tsakiyar Agusta lokacin tunawa da magabata, da kuma sabuwar shekara. Wanda ke da kwana biyar ko shida kacal ba zai yafe wa direban da ya makara rabin awa ba. A ƙasarsu jirgin ƙasa in ya yi lattin 'yan mintoci sai an ba fasinjoji haƙuri.

Na biyu, tsabta. Ba sa shiga ɗaki da takalmin waje, shi ya sa otal-otal masu neman cinikinsu ke ajiye silifa. Sun saba da jiƙa jiki cikin ruwan zafi da dare, don haka ɗaki mai kwamin wanka ya fi musu mai shawa kaɗai. A kan ajiye musu butar dafa ruwa saboda koren shayi. Banɗaki mai ƙazanta kuwa ya isa ya ɓata sunan gari guda.

Na uku, kunya da kawaici. A ƙasarsu ba a saba ba da tukuici ga ma'aikacin otel ko direba ba, ba a kuma saba jayayya kan farashi ba, to in aka yi musu rubdugu ana ja musu riga a kasuwa sai su tsorata. Kuma da yawansu ba za su yi faɗa a gabanki ba. Za su yi murmushi su yi godiya, sai sun koma gida su rubuta wa kamfanin da ya kawo su. Mai masauki ba za ta san ta yi laifi ba sai ta ga shekara ta zagayo babu ayari.

Na huɗu, tsaraba, wadda su ke kira omiyage. Wannan ba sai na yi mana dogon bayani ba. Yadda mai tafiya aikin hajji ba ta dawowa hannu rabbana, haka Bajapaniya ba ta dawowa ba tare da abin raba wa dangi da maƙwabta da abokan aiki ba. Har suna da al'adar ba matafiyi gudummawar kuɗi in zai yi nisa, shi kuma ya san dole ya rama da tsaraba. Abin da su ke nema shi ne abu ƙarami, marar nauyi, wanda aka san da garin, an naɗe kowane ɗaya daban cikin takarda mai kyau, don a miƙa wa mutum ashirin ba tare da an sa hannu a na wani ba. Da haka cakulan mai gyaɗar makadamiya ya zama tambarin Hawai. Naɗin a wurinsu rabin kyautar ne.

Tsoro da tsada

Wannan ciniki yana da daɗi, amma ba shi da tabbas. Ran 17 ga Nuwamba 1997 'yan bindiga suka auka wa masu yawon buɗe ido a wurin ibadar sarauniya Hatshepsut da ke Luksor a Masar, suka kashe mutum 62, cikinsu har da Japanawa 10, mafi yawansu angwaye da amare. Baƙi suka ƙaurace, masu kwale-kwale da masu keken doki da masu sayar da tsaraba na bakin kogin Nilu suka zauna hannu biyu. Ma'aikatar harkokin waje ta Japan tana kasa wuraren da ke da haɗari mataki huɗu, kamfanonin tafiya kuwa suna bin wannan jadawali sau da ƙafa. Sunan da aka yi shekara ashirin ana ginawa, rana ɗaya kan rushe shi.

A 2019 masu fita daga Japan suka kai miliyan 20, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Sai annobar korona ta zo, a 2021 suka koma wajen rabin miliyan. Bayan an buɗe iyakoki kuma sai ga yen ta yi rauni: dalar da ta ke kimanin yen 110 a 2019 ta haura 160 a tsakiyar 2024. Abin da ya faru a 1985 ya juya da baya ke nan. A 2024 mutum miliyan 13 ne suka fita, alhali baƙin da suka shiga Japan sun kusan miliyan 37. Hawai a wannan shekara ba ta sami ko rabin Japanawan da ta samu a 2019 ba. A lokacin kusan mutum ɗaya ne cikin shida ke da fasfo a Japan, ga jama'ar ƙasar suna tsufa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun wuce shekara 65. Garin da ya jingina da baƙi na ƙasa ɗaya tak, ya ga abin da ya gani.

Mu fa?

Kada mu yaudari kanmu. Tun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani aka sa jihar Borno da wasu maƙwabtanta a mataki mafi haɗari na wancan jadawali, kuma muddin hanyoyinmu ba su da aminci babu tallar da za ta kawo ayari. Zaman lafiya shi ne shimfiɗa ta farko. Amma akwai abin da ya haɗa mu da su. Japanawa ma'abota rinin baba ne, yankin Tokushima ya shahara da shi, a Arimatsu da ke cikin birnin Nagoya kuma ana ɗaure ƙyalle da zare kafin a tsoma, kamar yadda matanmu ke ɗaure zanen da a ke kaiwa marinar Ƙofar Mata a Kano. Sana'ar da wasu 'ya'yanmu ke yi wa kallon ta tsofaffi, a can ana koyar da ita ana alfahari da ita.

To, 'yan'uwana matan aure, ko da Bajapane bai taɓa zuwa ƙofarki ba, abin da ya ke nema shi ne abin da kowane mai saye ke nema. Mai dambun nama, mai turaren wuta, mai saƙar hula, mai alkaki, ki cika alkawarin ranar da kika ɗauka, ki tsabtace wurin sana'arki, ki gyara naɗin kayanki, ki kuma lura da mai sayen da ya yi shiru bai dawo ba, don shi ne ya fi gaya miki gaskiya.

Ku kuma 'yan makaranta, ku tuna da Hanako. Ba ta gaji dukiya ba, harshe ɗaya ta koya da kyau, ta kuma iya nata harshen har ta zuba wancan a cikinsa. Ku riƙe darasin Hausa da na Turanci da na Larabci da na Faransanci da muhimmanci, ku zauna da kakanninku ku rubuta labarin garinku tun suna da rai. Iyaye kuma a bar yara mata su ƙarasa karatu. Ba wanda ya san takardar da za ta sa wata rana mutanen nesa su yi guzuri su zo ganin garinmu.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mun sake saduwa a wannan fili.